Mun Ci, Sun Faɗi, An Cuce Mu: Harshen 'Yan Kallo Bayan Wasannin Sili-Ɗaya-Ƙwale a Amurka

Duk shekara idan watan Janairu ya kama, akwai wani zazzaɓi da kan rufe mutanen Amurka, wanda ba ya barin attajiri balle leburan masana'anta. Zazzaɓin kuwa shi ne na wasannin sili-ɗaya-ƙwale na ƙwallon nan da su suke kira ƙwallon ƙafa, alhali a idonmu ta fi kama da zari-ruga, domin da hannu ake ɗaukarta a ruga ko a jefa wa abokin wasa, ƙafa ba ta taɓa ta sai jefi-jefi. Ƙungiyoyi 32 ne a ƙarƙashin hukumar NFL mai shirya gasar ƙwararru. Kowace ƙungiya takan yi wasa 17 daga Satumba zuwa farkon Janairu, sannan 14 su haye zagayen ƙarshe. Daga nan babu zancen wasan gida da na waje kamar yadda muka saba gani a gasar zakarun Turai. Karo ɗaya ne tak, wanda ya faɗi ya tattara komatsansa sai baɗi, har a kai ga wasan ƙarshe da ake kira Super Bowl a watan Fabrairu.

Wannan tsari shi ne tushen zafin abin. Wahalar wata biyar takan iya rushewa cikin daƙiƙa biyar, a hannun mutum ɗaya, a gaban miliyoyin masu kallo, kuma babu ranar ramuwa kusa. Abin da ya fi jan hankalin mai nazarin harshe a nan shi ne abin da mutane ke faɗa bayan an tashi, domin kalmar da gari ya zaɓa ya kira faɗuwarsa da ita, ita ke nuna inda fushinsa zai sauka.

Amurkawa suna da al'adar raɗa wa muhimmin lokaci na wasa suna, kamar yadda ake raɗa wa jariri, kuma sunan yakan bi shi har jikoki. Idan aka lura, masu nasara sukan ari sunan daga kalmomin addini. A ranar 23 ga Disamba 1972, ana saura daƙiƙoƙi a tashi, ƙungiyar Pittsburgh Steelers na baya, sai ƙwallon da aka jefa ta daki wani ta dawo, Franco Harris ya cafe ta gab da za ta taɓa ƙasa, ya ruga ya ci Oakland Raiders. Mutanen Pittsburgh suka kira abin "tsarkakakkiyar cafka", wasan kalma ne da sunan wata aƙidar Katolika game da Nana Maryamu. Bayan shekara uku, a Disamba 1975, Roger Staubach na Dallas Cowboys ya yi wata doguwar jifa ta a-mutu-ko-a-yi-rai wadda ta kā da Minnesota Vikings, ya gaya wa 'yan jarida cewa runtse ido ya yi ya karanta addu'ar nan ta Katolika mai farawa da gaida Maryamu. Sunan addu'ar ya bi jifar, ya kuma fita daga filin wasa ya shiga Ingilishin yau da kullum, har ɗan siyasa da lauya da ɗan kasuwa suna kiran duk wani yunƙurin ƙarshe na wanda dabara ta ƙare masa da wannan suna. Akwai kuma "mu'ujizar" garin Nashville ta Janairu 2000, da "mu'ujizar" Minneapolis ta Janairu 2018.

Su kuwa waɗanda aka kā da su, sunayensu busassu ne, babu ado, kamar rubutun da ake yi a kan kabari. Mutumin Buffalo idan ya ce "ta kauce dama", kowa ya san yana nufin ranar 27 ga Janairu 1991, lokacin da Scott Norwood ya buga ƙwallo daga nisan yadi 47 ta kauce, New York Giants suka ɗauki kofi da ci 20 da 19. Idan ya ce "daƙiƙa goma sha uku", yana nufin Janairu 2022, lokacin da Buffalo Bills ke gaba saura daƙiƙa 13, amma Kansas City Chiefs suka farke, suka kuma cinye su a ƙarin lokaci. A Atlanta ma lamba ce kawai, 28 da 3, wato ratar da Falcons suka ba New England Patriots a wasan ƙarshe na Fabrairu 2017 kafin a juye musu da ci 34 da 28. Wani lokaci ma wasa ɗaya yakan sami suna biyu. Karon Patriots da Raiders na Janairu 2002, mutanen Boston suna tuna shi da dusar ƙanƙarar da aka yi wasan a cikinta, mutanen Oakland kuwa suna kiransa da sunan dokar da alkalin wasa ya dogara da ita ya mayar wa Tom Brady ƙwallon da suke ganin ta riga ta suɓuce masa. An soke wannan doka a 2013, amma sunan na nan.

Tun a 1976 wani masanin halayyar ɗan Adam, Robert Cialdini, da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a kan ɗaliban jami'o'in Amurka da ƙungiyoyin ƙwallon makarantunsu. Sun gano cewa idan ƙungiya ta yi nasara ɗalibi yakan fi cewa "mun ci", idan kuwa an cinye ta sai lamirin ya sauya, ya koma "sun faɗi". Wato ɗan kallo yakan shiga rigar nasara, ya tuɓe ta faɗuwa. Wannan gaskiya ne, amma wasannin sili-ɗaya-ƙwale sun nuna cewa lamiran ba su tsaya a biyu ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana bin ƙungiya ɗaya, ya gaje ta daga mahaifinsa, ba zai iya zamewa ya ce "sun faɗi" ba. Sai ya nemi wata mafita, ko dai ya ce "ya kā da mu", ya ɗora wa ɗan wasa ɗaya, ko kuma ya ce "an cuce mu".

Ta farkon ita ce mafi muni, kuma galibi a kan mai bugun ƙwallo take faɗawa, bawan Allah da kan zauna a gefe kusan duk tsawon wasa, sai an matsu a kira shi. A Janairu 2012 Kyle Williams na San Francisco, wanda aikinsa karɓar ƙwallon da aka bugo ne, ya yi kuskure sau biyu a karonsu da Giants, aka yi ta aika masa da barazanar kisa. Tyler Bass na Buffalo ya gamu da irin wannan a Janairu 2024 bayan bugunsa ya kauce, shi ma dama, har sai da ya rufe shafukansa na sada zumunta. Sai dai a kowane karo akan sami masu tsayawa su ce a'a. 'Yan kallo sun tara kuɗi masu yawa ga wata ƙungiyar kula da kyanwoyi da Bass ke taimaka wa, don su nuna masa ba shi kaɗai ba ne. Da Blair Walsh na Minnesota ya ɓarar da bugu mai sauƙi daga yadi 27 a Janairu 2016, 'yan aji ɗaya na wata firamare ne suka rubuta masa wasiƙun lallashi. Shi kansa Norwood, da ƙungiyarsa ta koma gida a 1991, dubban mutanen da suka taru a dandalin Buffalo sunansa suka yi ta kira har ya fito ya yi magana cikin hawaye. Kada kuma mai karatu ya ɗauka fushin a baki kawai yake tsayawa. David Card da Gordon Dahl, masana tattalin arziki, sun wallafa a 2011 cewa idan ƙungiyar gari ta faɗi a wasan da ake kyautata zaton za ta ci, rahotannin mazan da suka daki matansu ko 'yan matansu a gida sukan ƙaru da kimanin kashi 10 cikin ɗari, kuma abin ya fi tsanani idan wasan na da muhimmanci ga hayewa zagayen ƙarshe.

Mafita ta biyu, wato "an cuce mu", ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Hausa tana da wannan ɗan lamiri "an", mai ba mutum damar ya faɗi aiki ba tare da ya ambaci mai aikin ba, kuma duk wanda ya taɓa sauraron ƙorafi ya san faɗin abin da kan iya shiga cikinsa: mutum ɗaya, ko hukuma, ko duniya baki ɗaya. Babu garin da ya nuna ƙarfin wannan magana kamar New Orleans na jihar Louisiana a shekarar 2019.

Kafin a fahimci abin da ya faru, sai an san matsayin ƙungiyar Saints a wannan gari. Ta fara wasa a 1967, ta yi shekaru tana shan kashi, har a 1980 magoya bayanta suka riƙa rufe fuskokinsu da jakar takarda don kunya, kuma ba ta ci wasan sili-ɗaya-ƙwale ko ɗaya ba sai a Disamba 2000. A ƙarshen Agusta 2005 guguwar Katrina ta nutsar da mafi yawan garin, babban filin wasansu mai rufi, Superdome, ya zama mafakar mutane sama da dubu ashirin, cikin zafi da yunwa da ƙazanta, duniya na kallo a talabijin. Ƙungiyar ta yi wannan kaka tana wasanninta na gida a wasu garuruwa, ana ta raɗe-raɗin ba za ta dawo ba. Da aka sake buɗe filin a ranar 25 ga Satumba 2006, sannan Saints suka ɗauki kofi a Fabrairu 2010, mutanen garin sun ɗauki abin a matsayin shaidar cewa garinsu bai mutu ba. Saboda haka lamirin "mu" a New Orleans yana da nauyin da ba shi da shi a wasu wurare.

A ranar 20 ga Janairu 2019 Saints suka karɓi baƙuncin Los Angeles Rams a wasan da zai fitar da mai zuwa Super Bowl. Ana kunnen doki 20 da 20, saura minti ɗaya da daƙiƙa 49, Saints na yadi 13 daga gidan Rams. Drew Brees ya jefa wa Tommylee Lewis ƙwallo, amma kafin ta iso, mai tsaron baya na Rams, Nickell Robey-Coleman, ya bangaje shi, hular kwano ta daki hular kwano. A dokar wasan laifi biyu ne wannan: hana mai karɓa cafka kafin ƙwallo ta iso, da kuma dukan kai. Alkalan wasa bakwai ne a fili, biyu daga cikinsu suna kusa, babu wanda ya jefa ƙyallen rawayan da ake nuna laifi da shi. Da an busa, da Saints sun sami sabuwar dama su cinye kusan duk sauran lokacin, su yi bugun maki uku daga kusa, a tashi. Da yake ba a busa ba, sai suka yi bugun da wuri, Rams suka sami lokacin farkewa, aka tafi ƙarin lokaci, Greg Zuerlein ya buga daga yadi 57, aka tashi 26 da 23.

Abin da ya bambanta wannan da sauran rigingimun alkalanci shi ne babu gardama a kansa. Kocin Saints, Sean Payton, ya faɗa a daren cewa shugaban sashen alkalan hukumar ya amsa masa ta waya cewa an yi kuskure. Shi kansa mai laifin bai musa ba, ya ce ya riga ƙwallon isa, hukumar ma ta ci shi tarar sama da dala dubu 26 saboda dukan kan. Sunan da aka raɗa wa abin ya dace da nazari, domin sunan abin da bai faru ba ne: "rashin busa" na New Orleans.

Daga nan gari ya ɗauka. Wani dillalin motoci ya sayi manyan allunan talla a Atlanta, inda za a yi wasan ƙarshe, ya rubuta cewa an yi wa Saints fashi. A wani allon ya rubuta cewa NFL ta kwafsa, amma ya rubuta kalmar Ingilishin da ƙarshen "eaux" irin na rubutun Faransanci. Wannan ɗabi'a ce ta mutanen Louisiana, yankin da Faransa ta sayar wa Amurka a 1803, sukan yi ta don su nuna cewa su daban ne, kuma a wannan allo rubutun ya faɗi abin da kalmar ba ta faɗa ba, wato mu ne aka yi wa, mu da kuka saba mantawa da mu. Wani asibitin ido ya yi wa alkalan wasa tayin gwajin ido kyauta. Dubban ɗaruruwan mutane suka sa hannu a takardar neman a sake wasan. Gwamnan jihar na lokacin, John Bel Edwards, ya rubuta wa kwamishinan NFL, Roger Goodell, wasiƙa, Sanata Bill Cassidy kuma ya tashi a zauren Majalisar Dattawa da hotunan abin da ya faru. Wasu masu tikitin shekara suka garzaya kotu suna neman a tilasta wa kwamishina ya yi aiki da doka ta 17 ta littafin wasan, wadda ta ba shi ikon soke sakamako idan an tafka rashin adalci na ban mamaki. Kotun tarayya ta ƙi. Wata ƙarar ta yi nisa a kotunan jiha, har aka amince a yi wa Goodell tambayoyi bisa rantsuwa, kafin Kotun Ƙolin Louisiana ta kore ta a Satumba 2019, bisa hujjar cewa abin da mai tikiti ya saya shi ne izinin shiga da wurin zama, kuma ya samu.

Goodell bai yi magana a bainar jama'a ba sai bayan kwana goma, kuma a ganina wannan shirun ya fi rashin busar ɓarna. Kuskuren alkali abu ne da kowa ya san yana faruwa, amma idan hukuma ta yi gum, sai "an" ɗin nan ya fara faɗaɗa, ya tashi daga mutum biyu da ke gefen fili ya haɗiye hukumar dungurungum. A ranar 3 ga Fabrairu, lokacin da sauran ƙasar ke kallon Patriots suna cin Rams 13 da 3, dubban mutanen New Orleans sun fita tituna da makaɗa da masu bushe-bushe suna bikin ƙaurace wa wasan, kuma a cikin manyan biranen da ake auna masu kallo, nasu ne ya fi ƙarancin kallo. Washegari jaridar garin, Times-Picayune, ta bar shafinta na farko kusan fari fat, sai 'yar tambaya a tsakiya: wane Super Bowl?

Ko shakka babu an cuce su. Amma kalmar fashi tana da wani amfani da masu faɗarta ba su cika so a ambata ba, wato tana wanke gida. Saints sun fara wasan da ratar 13 da nema, suka bari aka kamo su. Gab da abin ya faru sun zaɓi jifa maimakon gudu, jifar ta faɗi, agogo ya tsaya, suka bar wa Rams lokaci. A ƙarin lokaci su suka fara riƙe ƙwallo, aka ƙwace jifar Brees. Magoya bayan Rams ma sun nuna inda aka ja wa Jared Goff ƙarfen fuskar hularsa ba a busa ba. Duk waɗannan sun nutse a ƙarƙashin kalma ɗaya. Duk da haka, idan aka gwada da garin da ke neman ɗan wasa ɗaya ya huce a kansa, hanyar New Orleans ta fi mutunci nesa ba kusa ba: fushin ya tafi sama wajen masu iko, ya bi ta kotu da majalisa da barkwanci da kiɗa.

Kuma ya yi tasiri, ko da na ɗan lokaci ne. A Maris 2019 masu ƙungiyoyi suka kaɗa ƙuri'a, 31 da 1, cewa daga yanzu za a iya duba irin wannan laifi a bidiyo, ko an busa ko ba a busa ba. Dokar ba ta yi ƙarko ba. Masu duba bidiyon sun riƙa ƙin sauya hukuncin alkalan fili, ƙasa da kashi ɗaya bisa huɗu na abin da aka duba aka sauya, masu horarwa suka gaji da ƙorafi, bayan kaka ɗaya aka yi watsi da ita. Wanda ya ga yadda na'urar VAR ta ƙara rigima a ƙwallon Turai maimakon ta kashe ta ba zai yi mamaki ba, domin bidiyo yana nuna abin da ya faru, amma ko turin ya kai laifi ko bai kai ba, wannan hukuncin mutum ne. Abin takaici ga New Orleans, a cikin wannan kaka ɗaya da dokar ta rayu, a ranar 5 ga Janairu 2020, Vikings suka fitar da Saints a ƙarin lokaci, a filin Superdome, da cafkar Kyle Rudolph, wanda da yawa ke ganin ya ture mai tsaronsa kafin ya cafe. Dokar da aka yi dominsu ba ta cece su ba. Mutanen Buffalo sun fi su sa'a ta wannan fuska, domin bayan "daƙiƙa goma sha uku" an gyara dokar ƙarin lokaci a 2022 yadda kowace ƙungiya za ta sami damar riƙe ƙwallo a wasannin sili-ɗaya-ƙwale, gyaran kuma ya zauna.

A 'yan shekarun da suka biyo baya kalmar ta sake sauyawa, kuma wannan sauyin ya fi na baya hatsari. Mai cewa an yi kuskure ya yarda da wasan. Mai cewa an yi fashi ya yarda akwai doka, yana kukan an taka ta ne. Amma bayan nasarorin Kansas City a kan Cincinnati a Janairu 2023, da kan Houston da Buffalo a Janairu 2025, kalmar da ta cika bakin 'yan kallo ita ce maguɗi, wato an shirya sakamakon tun kafin a fara. Babu wata hujja da aka taɓa kawowa a kan haka. Sai dai zargin ya sami ƙasa mai dausayi, domin a Mayu 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar tarayya da ta hana jihohi halatta cacar wasanni, jihohi da dama suka halatta, ita kanta NFL da ta yi shekaru tana yaƙi da caca ta ƙulla yarjejeniyar talla da kamfanonin cacar. Ɗan kallon da a da zuciyarsa kawai ke cikin wasa, yanzu albashinsa ma na ciki, kuma wanda ya yi asarar kuɗi a kan busa ɗaya ba ya jin lallashi.

A farkon Fabrairu 2025, ana shirin wasan ƙarshe, Goodell ya zauna gaban 'yan jarida ya ce zancen alkalai na fifita Kansas City abin dariya ne, ƙungiyar alkalan wasa ma ta fitar da sanarwa tana cewa zargin cin mutunci ne. A wannan karon bai jira kwana goma bayan wasa ba, tun kafin a buga ya yi magana, kuma a New Orleans ya yi ta, domin a can aka shirya wasan. A ranar 9 ga wata, a cikin Superdome, Philadelphia Eagles suka lallasa Kansas City da ci 40 da 22, zancen maguɗi ya lafa na wannan shekarar.